Turken Baba da Jaridar Turanci

Har yau idan wani ya tambaye ni yadda shari'armu da jarida ta ƙare, cewa nake yi mu muka ci. Haka alƙali ya faɗa, haka lauya ya fassara mana a bakin ƙofar kotu, kuma takardar tana nan cikin akwatin littattafaina da hatiminta. Sai dai duk lokacin da na faɗi haka nakan ji bakina ya yi nauyi, don ni kaina ban gama gane abin da muka ci ba.

A ƙofar gidanmu, a wani ƙauye da ke gefen Nariya, akwai turke uku na itacen kirya da komin ruwa na siminti. Mu manoma ne, ko ɗan maraƙi ba mu taɓa mallaka ba, turakun na shanun mutane ne. Yadda ake yi a wajenmu shi ne, idan shanu suka faɗa gonar wani suka yi ɓarna, mai gona ba ya dukansu, ba ya kuma nufar ofishin 'yan sanda. Sai ya koro su zuwa ƙofar Baba a ɗaure. Baba ya ba su ruwa da harawa, ya sa a kai magana rugagen da ke kusa. In mai shanu ya zo, su uku su tafi gonar. Baba ya bi kunya-kunya yana duba sawu, ya raba abin da aka ci da abin da aka tattake kawai, sannan ya faɗi abin da za a biya, dami kaza na dawa ko kwano kaza na wake. Daga nan ya juya ga mai gona ya ce ya yi haƙuri, ya juya ga mai shanu ya ce ya ƙara kula. A nan magana take mutuwa.

Ba sarauta ba ce, babu rawani, babu wanda ya naɗa shi. Kakanmu ya yi, Baba ya tashi ya ga ana kawowa ya ci gaba da karɓa. Ladansa kuwa shi ne kashin da shanun suka bari a gindin turke, wanda muke kwashewa mu kai gonar bayan gida. Shi ya sa masararmu ta bayan gida ta fi ta kowa duhu, har Inna takan yi masa tsiya ta ce albashinsa ya fi na kowa wari.

Ni ne babban ɗansa namiji, kuma ni kaɗai na yi boko mai nisa. Ina koyar da Turanci a wata sakandare a Rano, inda nake zaune da iyalina, in hau babur in je gida ranar Asabar. Tun da na fara koyarwa Baba ya daina kiran sunana, sai Malam, rabi girmamawa rabi zolaya. Halina kuwa kowa ya sani, ina da saurin hawa, kuma in na hau ba na iya sauka da kaina.

Ranar da abin ya faru ba na gida, Inna ce ta ba ni labari daga baya. Da kaka ne, an kawo shanu huɗu da suka shiga gonar wake, ba a kai ga gano mai su ba. Sai ga wasu samari biyu a mota, suka ce 'yan jarida ne, suna bin labarin satar shanu da aka yi ta yi a yankin a shekarar. Sun tsaya neman ruwan alwala ne. Baba ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka dama musu fura. Ɗayansu ya tambayi na wane ne shanun, Baba ya ce bai sani ba tukuna, mai su zai zo. Ya nemi ya ɗauki hoto. Baba ya ce a dakata, ya shiga gida ya sako hularsa ta Juma'a, ya fito ya dafa tozon wani farin sa. Suka yi godiya suka tafi, har ya raka su bakin mota.

Bayan kamar mako biyu, ina ɗakin malamai ina duba littattafan ɗalibai, wani abokin aikina da ya dawo daga Kano ya ajiye jarida a gabana ya ce wannan ba tsohonka ba ne? Jaridar Turanci ce, shafi na ciki. Ga Baba nan da hularsa, yana murmushi, hannunsa a kan tozo. A ƙasa an rubuta cewa an same shi da shanun da ya kasa faɗin mai su, kuma wai mutanen gari sun ce gidansa zango ne da ɓarayin shanu ke ajiye kaya kafin a wuce da su kasuwa. Sun sa sunansa cikakke da sunan ƙauyenmu. Sau uku na karanta, duk a tsaye. Na bar littattafan a buɗe na hau babur.

Na tarar da shi a zaure yana tufkar igiyar rama. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na durƙusa na karanta masa da Turanci, sannan na juya masa da Hausa, ban rage komai ba. Ya karɓi jaridar ya daɗe yana kallon hoton. Abin da ya fara cewa shi ne hular ta ɗan karkace, da ya sani ya gyara. Sai kuma ya tambaye ni wa ke karanta irin wannan a nan. Na ce duniya gaba ɗaya ke karantawa. Ya ce duniya ba ta san shi ba, waɗanda suka san shi kuwa ba sa jin Turanci.

"Bar su da Allah, Malam," ya ce, ya ci gaba da tufkarsa.

Ban bar su ba. Mako uku na yi ina zarya tsakanin Rano da gida ina yi masa huɗuba. Na ce yau jarida ce, gobe 'yan sanda ne. Na ce wannan takarda ba ta ruɓewa, jikokinsa za su girma a nuna musu. Na ce shiru amincewa ne a wurin 'yan boko. Na shiga wurin Inna na tsorata ta har ta yi kuka, ta koma ɓangarena. A ƙarshe wata rana bayan la'asar, ya gaji da ni, ya ce, "To, ai kai ka yi karatu." Na ɗauki wannan a matsayin izini. Na fi shekara talatin ina jin maganar mutumin nan, ya kamata a ce na san cewa in Baba ya yarda da abu, cewa yake yi bismillah.

Lauyan da na samu a Kano wan wani abokin karatuna ne, mutum mai kirki, mai yawan magana da hannu. Ya rubuta wa jaridar takarda cewa su janye maganar su ba da haƙuri. Ba su amsa ba. Ya sake rubutawa, shiru. Sai ya ce ƙara za mu shigar ta ɓata suna, ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Dole mu nuna an buga maganar, wannan mai sauƙi ne, ga jarida. Dole mu nuna Baba ake nufi, ga suna ga hoto. Abu na uku, yana son mutanen da suka san Baba, suka ga labarin, kuma darajarsa ta ragu a idonsu saboda shi. Ya ce in kawo masa irinsu uku ko huɗu.

Nan na fara rikicewa. Na ce masa a iya sanina babu wanda ya gani a garinmu. Ya ɗaga hannu biyu ya ce to sunan wa aka ɓata, kuma a wurin wa? Ya ce in koma in bincika da kyau, ba za a rasa ba.

Na dawo ina juya maganar a kan babur tun daga Kano har Rano. Abin da ƙwaƙwalwata ta ba ni shi ne, tunda ana buƙatar waɗanda suka gani, kuma babu su, to sai a samar da su. Na shiga shagon masu buga takardu a Rano na sa aka yi mini kwafin shafin, tuli guda. Ranar Asabar na fara da Liman. Na karanta masa da Turanci don ya ji nauyin abin, na fassara masa. Ya yi salati ya riƙe haɓa. Na wuce gidan mai unguwa, na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwar Kibiya na tsaya a rumfar masu hatsi na karanta, mutane suka taru kamar ana tallar magani. Na je har Tarai wurin surukan ƙanwata. Na je ruga wurin Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune yamma da mu, abokin Baba tun suna samari. Ko'ina na je sai in bar kwafi ɗaya, in ce a ajiye, za a neme shi. A raina aiki nake yi wa mahaifina, har ina jin daɗin yadda muryata ke fita.

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai wurin injin niƙa, ta kai bakin rijiyar burtsatse. Kuma ba yadda na sake ta take dawowa ba. Wasu suka ce an kama Baba an sake shi. Wasu suka ce shanu arba'in aka samu. Wata gwaggonmu ta taso tun daga bayan Tarai da ƙullin daddawa ta zo yi masa barka da fitowa, shi da ko Kibiya bai je ba a watan. Ya karɓi daddawar ya yi godiya. Da ta tafi ya dube ni, ni kuma na ce masa ka gani ko, ai na gaya maka abin zai yaɗu.

Aka rubuta ƙara, Baba ya dangwala babban yatsa. Ranar zama na farko muka ɗauki mota tun da sassafe zuwa kotu a Kano, da shi da Liman da wani maƙwabcinmu da ya fi kowa kawo shanu turke, da Ardo. Muka zauna a benci har azahar, aka kira sunan Baba, lauyoyi biyu suka miƙe suka yi magana ta minti biyar, aka ce an ɗage. Baba ya tambaye ni an gama? Na ce ba a fara ba. Ya ce to me muka zo yi? Na ce haka tsarin yake.

Haka muka yi ta yi. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan jarida ba shi da lafiya, jibi an shiga hutu. Ardo sau ɗaya ya zo, ya ce shi ba zai ƙara barin shanu yini guda don ya je ya kalli fanka tana juyawa ba. Abin da ya fi damun Baba shi ne bai taɓa ganin yaron da ya sha furarsa a kotun ba. Duk zuwa sai ya leƙa fuskokin mutane yana nemansa. Na ce masa ba da yaron muke shari'a ba, da kamfanin ne. Ya ce kamfanin ne ya zauna a tabarmarsa? Shi so yake kawai ya tambaye shi wane ne a garin ya gaya masa wannan magana, in kuma babu, me ya sa ya rubuta. Ya kuma tambaye ni yaushe alƙali zai zo ya ga turakun da idonsa, don shi bai taɓa yanke magana a kan gonar da bai taka ba. Da na gaya wa lauya ya yi dariya har da buga tebur. Ni ma na yi dariyar, amma a hanya na yi ta tunani ban gano inda tambayar ta karkace ba.

Kaka ta zagayo muna cikin wannan. A shekarun baya, daga lokacin da wake ya fara nuna har a gama ɗaure dawa, da wuya a yi kwana uku turke babu saniya. A wannan shekarar sau biyu aka kawo. Shekarar da ta biyo baya ko sau ɗaya. Ina jin kunyar faɗa, amma da na lura da haka daɗi na ji. Na kira lauya na ce ga hujja ta samu, mutane sun daina kawo wa Baba amana saboda jarida. Ya ce madalla, shaidu su faɗi haka da bakinsu.

Kafin ranar shaida ya tara su a ofishinsa ya yi musu bita. Ya ce abin da ake so su nuna shi ne, bayan sun ga labarin zuciyarsu ta yi rauni game da Baba, sun fara yi masa wani irin kallo. Liman ya ce to. Maƙwabcinmu ya ce to. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san irin wannan to ɗin, amma lauya ɗan birni ne, ni kuma na riga na toshe kunnena.

Aka kira Liman, ya yi rantsuwa, tafinta na tsaye a gefensa. Lauyan jarida wani dattijo ne mai sanyin murya, ya gaishe shi da ladabi kamar ɗalibinsa. Ya tambaye shi shekara nawa ya san Baba, ya ce tun suna yara. Ya ce da ka ji wannan labari, ka yarda da shi?

Liman ya juya ya dubi Baba da ke zaune a benci na gaba. Ya ce, "Ni? Ko da ƙwayar zarra. Mutumin nan in ya ce mini ga wata ya tsaya, ba na fita dubawa."

Ya ce to darajarsa ta ragu a wurinka? Liman ya ce sai ma ƙaruwa da ta yi. Ya ce a garinku akwai wanda ka sani da ya yarda? Liman ya ce babu, duk garin shaida ne. Ni ina baya ina cewa a raina yau duniya ta ji wane ne ubana. Sai na hangi lauyanmu ya dafe goshi da hannu biyu yana kallon tebur.

Dattijon ya ci gaba a hankali. Ya tambayi Liman ko yana karanta Turanci, ya ce a'a. Ya ce ana sayar da wannan jarida a garinku? Ya ce bai taɓa gani ba. Ya ce to a ina ka ga labarin?

"Ɗansa ne ya kawo mini har gida, Allah ya yi masa albarka," in ji Liman. "Ya karanta mini, ya bar mini kwafi. Kowa ma shi ya kai wa."

Ya nuna ni da hannu don kada a yi kuskure. Duk kotun ta juyo. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau, ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo. Maƙwabcinmu da ya hau bayansa bai canza komai ba, sai ma ƙari da ya yi cewa a rumfar masu hatsi ya fara ji, kuma na iya karatu ƙwarai. Da aka tambaye shi me ya sa bai kai shanu turke ba a bana, ya ce Allah ya tsare gonarsa ne. Na san ba haka ba ne, don da idona na ga inda aka cinye masa gefen gyaɗa.

A waje lauya ya hau su da faɗa, ya ce sun rusa masa aikin shekara biyu. Liman ya bari ya gama, sannan ya ce masa, yaro, mutumin yana zaune a gabana, ga jama'a, ka ce in buɗe baki in ce na taɓa zarginsa da sata? Ya ce in ya faɗi haka da wane ido zai dube shi gobe a sahu? Lauya ya ce ai taimakonsa za ka yi. Liman ya ce shi bai san taimakon da ake yi wa mutum ta hanyar zubar masa da mutunci ba. Na tsaya a tsakaninsu ina kallon wannan ina kallon wancan, kowanne ya yi magana sai in ji shi ke da gaskiya. A mota babu wanda ya ce mini komai game da kwafin. Da ma zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata huɗu aka yanke hukunci. Alƙali ya yi karatu mai tsawo, ni mai koyar da Turanci ma rabi na kama. Lauya ya taƙaita mana: kotu ta ce maganar ƙarya ce, jarida ba ta kawo hujja ko ɗaya ba, dole ta janye ta ba da haƙuri a rubuce. Diyya kuwa kaɗan aka sa, tunda shaidunmu da kansu sun ce darajar Baba ba ta taɓu ba, kuma yaɗuwar labarin a garinsa daga gidansa ta fito. Ya kama hannun Baba yana girgizawa yana cewa mun yi nasara. Baba ya ce masa an gode, Allah ya ba da lada.

Ban haƙurin ya fito bayan makonni. Sai da na bi jaridar shafi-shafi sau biyu kafin na gan shi, layi biyar a can ƙasa, kusa da sanarwar masu canza suna. Na kai wa Baba na karanta masa. Ya karɓa ya juya gaba ya juya baya, ya tambaye ni ina hoton. Na ce babu hoto a wannan. Ya ce to wanda ya ga fuskarsa a wancan, ta yaya zai san shi ne aka wanke a wannan? Ya miƙo mini ya ce in kai wa mutane, kamar yadda na kai na farko.

Na sake hawa babur na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon babu wanda ya taru. Layi biyar ba su da daɗin karatu, kafin mutum ya gyara zama na gama. Kowa amsarsa ɗaya, ai mu dama ba mu yarda ba. Mai unguwa ya faɗa, masu hatsi suka faɗa, gwaggon daddawa ma ta faɗa. Na dawo kaina ya ɗaure tam. Babu wanda ya yarda, kotu ta ce ƙarya ne, jarida ta ba da haƙuri, to me ya hana a kawo shanu?

Ardo na bari a ƙarshe. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin wata ɗorawa yana duba kofaton wata saniya. Ya saurari layi biyar ɗin, ya ce madalla. Na kasa daurewa, na tambaye shi kai tsaye. Na ce Baffa, in ba ku yarda da jarida ba, me ya sa ku da manoma kuka koma kai maganarku wurin wani mutum a hanyar Tarai, wanda kowa ya san bai kai Baba ido ba?

Ya saki ƙafar saniyar ya goge hannunsa a riga. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar maganar jarida a bakin komai ba, wanda ya yi kiwo ya san turken ɓarna in ya gan shi.

"Abin da ya sa muke zuwa ƙofar tsohonka," ya ce, "magana in ta je can ba ta wucewa. Babu takarda, babu rantsuwa, babu Kano. Yanzu kuwa ƙofar ta san hanyar kotu. In saniyata ta kwana a can, wa ya san inda za a kira ni?"

Na ce ai an gama shari'a. Ya ce ba wannan ne babba ba. Ya ce shekara arba'in Baba yana tsayawa a gonar da aka cinye, ya dubi mutumin da ya yi damina guda yana wahala, ya ce masa yi haƙuri, mutumin ya haƙura, saboda kowa ya san mai faɗar ya fi shi haƙuri. Ya ce bara wani mai gona ya faɗa a gabansa cewa, wanda aka taɓa shi da tawada ya tafi har Kano, shi ne zai ce in haƙura da wakena?

Na ce Baffa, ba shi ba ne, ni ne. Shi cewa ya yi a bar su da Allah.

"Na sani, ɗana," in ji Ardo. "Amma yatsan wa ke jikin takardar?"

Ban san yadda na iso gida ba. Na so in gaya wa Baba abin da Ardo ya ce, in roƙe shi gafara, na shiga zaure na zauna na kasa. Daga baya na gane ya riga ni sani da daɗewa, tun ranar da ya ce ai ni na yi karatu.

Kakar da ta biyo baya, wata Asabar da hantsi, muna zaune da shi a ƙofar gida yana tufka. Sai ga maƙwabcinmu, wanda ya yi shaida, ya koro shanu uku daga gonarsa, bakinsu duk ganyen wake. Hanyar Tarai ta gaban gidanmu ta bi, babu yadda zai kauce. Da ya zo daidai mu ya tsaya, ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, ya gaida Baba gaisuwa mai kyau, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali. Baba ya amsa, ya yi masa jajen ɓarna. Ɗaya daga cikin shanun, wata tsohuwar saniya da ta sha kwana a wurinmu, ta ratse da kanta ta nufi komin ta sa baki. Mutumin ya tsaya yana kallon ƙasa har ta sha ta ƙoshi, sannan ya kaɗa ta suka wuce.

Baba ya bi su da kallo har suka sha kwana. Ya ce, "Malam, ka ce mu muka ci shari'ar nan ko?"

Na ce, "E, Baba, mu muka ci."

Ya ce to alhamdu lillahi, ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Masarar bayan gida yanzu takin zamani nake saya mata daga Rano, kuma ba ta yin duhun da. Na taɓa cewa a cire turakun tunda suna tare hanyar babur, Inna ta harare ni, ban sake ba. Har yanzu in kaka ta yi, kullum da safe Baba yakan cika komin nan da ruwa, da yamma ya kwashe ya zuba wa bishiyar lemo.